Nazari: Daga mujallun bogi zuwa ƙagaggun madogarai, da me mai bincike zai dogara?

A watan Oktoban 2025 kamfanin Deloitte, ɗaya daga cikin manyan kamfanoni huɗu na duniya masu binciken kuɗi da bai wa gwamnatoci shawara, ya amince ya mayar wa gwamnatin Ostireliya wani kaso na kuɗin da ta biya shi. Ma'aikatar ƙwadago da samar da aikin yi ta ƙasar ce ta ba shi kwangilar dalar Ostireliya 440,000 domin ya binciki tsarin kwamfutar da ke yanke wa masu karɓar tallafin rashin aikin yi hukunci kai-tsaye. Rahoton ya fito a watan Yuli mai shafi 237, ɗauke da jerin manazarta irin wanda ke sa mai karatu ya saki jiki. Sai wani malami a Jami'ar Sidni, Chris Rudge, ya zauna ya bi madogaran ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar da ayyukan da ba a taɓa rubutawa ba an jingina su ga farfesoshin da ke raye, har da wata magana da aka ce daga hukuncin kotun tarayya aka ciro ta, alhali babu ita a hukuncin. A gyararren bugun da ya biyo baya kamfanin ya bayyana cewa ya yi amfani da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta GPT-4o wajen haɗa rahoton, ko da yake ya dage cewa shawarwarin da ya bayar ba su canza ba.

Kafin wannan, a watan Mayu, gwamnatin Amurka ta fitar da wani babban rahoto kan lafiyar yara a ƙarƙashin Sakataren Lafiya Robert F. Kennedy Jr., mai madogarai sama da 500. Cikin mako guda kafar labarai ta NOTUS ta gano cewa bakwai daga cikin binciken da aka ambata babu su a duniya. Wata masaniyar yaɗuwar cututtuka ta Jami'ar Kolombiya, Katherine Keyes, ta ga sunanta a kan maƙalar da ba ta taɓa rubutawa ba. Fadar White House ta kira abin da kuskuren tsara rubutu. Tun a 2023 ma wani alƙali a birnin New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'i shida da ChatGPT ya ƙago musu.

Idan kamfani mai dubban ƙwararru da gwamnati mai cibiyoyin bincike mafi girma a duniya za su faɗa wannan rami, ina ga ɗalibin ajin ƙarshe da ke rubuta kundinsa a waya, wutar lantarki na zuwa tana ɗaukewa, malamin da ke duba aikinsa kuma yana da ɗalibai da yawa a wuyansa?

Tambayar ta ƙara nauyi a Najeriya saboda wani sabon tsari. Gwamnatin Tarayya ta sanar da cewa daga 6 ga Oktoban 2025 ba za a tura kowa yi wa ƙasa hidima ba sai ya nuna shaidar miƙa kundin bincikensa ga rumbun adana ayyukan ilimi na ƙasa, wato NERD, kuma kowane kundi zai ɗauki sunan ɗalibi da na malamin da ya duba shi da na shugaban sashe. A da, kundin digirin farko yakan ƙare ne a kan kanta a ofishin sashe, ƙura ta rufe shi, babu mai sake buɗewa. Yanzu kuwa duk abin da aka rubuta a ciki zai zauna a inda wani zai iya dubawa bayan shekara goma, da sunan malamin a jikinsa.

Dalilin da ya sa na'ura ke ƙaga madogara

Waɗannan manhajoji an gina su ne a kan hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabace ta. Sun ga miliyoyin jerin manazarta, saboda haka sun san yadda madogara take kama: sunan marubuci, shekara, take, sunan mujalla, kundi, shafuka. Idan aka ce su kawo madogara kan wani batu, sai su haɗa abin da ya yi kama da ita, su ɗauko sunan masanin da ya shahara a fannin, su laƙa masa taken da ya dace da shi, su sa shi a mujallar da yakan yi rubutu a ciki. Wannan ne ya sa ake yi wa irin waɗannan madogarai kallon kitse alhali rogo ne, domin kowane ɓangare na gaskiya ne, haɗin ne kawai ƙarya. Sababbin manhajojin da ke leƙa intanet kafin su ba da amsa sun rage matsalar, amma ba su kawar da ita ba. Kuma gwargwadon ƙarancin abin da aka rubuta a intanet kan batu, gwargwadon yawan cike gurbin da na'urar za ta yi. Mai rubutu kan waƙoƙin fada a ƙasar Gobir ko tarihin kasuwar Kurmi ya fi mai rubutu kan ciwon suga shiga haɗari.

Gano irin wannan ƙaryar ba shi da wuya. Yawancin maƙalun zamani suna da lambar shaida ta DOI, wadda idan aka saka ta a shafin doi.org za ta kai mutum ga ainihin maƙalar, ko ta kai shi ga wata daban, ko ta ƙi buɗewa. Ana iya neman taken a Crossref ko Google Scholar. Sai dai a nan akwai buƙatar taka-tsantsan da ta shafe mu musamman. Tsofaffin fitowar mujallun sassan jami'o'inmu, irin su Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, da dubban kundayen digiri da takardun tarurrukan ƙara wa juna sani, da yawansu ba su da wannan lamba kuma ba su taɓa hawa intanet ba. Rashin ganin abu a Google ba ya nufin babu shi. Ga irin waɗannan, sai an taka zuwa Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, ko Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ko Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, an riƙe takardar a hannu.

Cutar da ta riga na'ura

Ƙagaggiyar madogara ita ce mafi sauƙin matsalolin, tunda ko dai akwai ta ko babu. Wadda ta fi wahala ita ce madogarar da ke nan da gaske, da lambarta da shafinta, amma ba ta da wata daraja.

A 2013 wani ɗan jarida mai ilimin kimiyya, John Bohannon, ya haɗa wata maƙalar bogi da ke iƙirarin an samu maganin kansa a jikin wani tsiro, ya cika ta da kurakuran da duk mai digirin ilimin sinadarai zai gani. Ya ƙirƙiri sunayen marubuta masu kama da na Afirka da cibiyoyin da babu su, ya aika wa mujallu 304 da ke karɓar kuɗi kafin su buga. Guda 157 suka karɓa. Wasu daga cikin waɗanda suka karɓa suna ƙarƙashin manyan kamfanonin ɗab'i irin su Elsevier da Sage. Kafin nan wani ma'aikacin ɗakin karatu a Jami'ar Kolorado da ke Denba, Jeffrey Beall, ya riga ya fara tattara sunayen irin waɗannan mujallu masu farautar marubuta, jerin da ya sauke daga intanet a Janairun 2017.

Wani nazari da Cenyu Shen da Bo-Christer Björk suka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa maƙalun da irin waɗannan mujallu ke bugawa sun tashi daga 53,000 a 2010 zuwa 420,000 a 2014. A lissafinsu, bayan Indiya, Najeriya ce ƙasar da ta fi yawan marubuta a cikinsu. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san yadda ƙarin girma yake a jami'o'inmu. Ana ƙirga yawan maƙalu, ana kuma ba da ƙarin maki ga wadda aka buga a mujallar "ƙasa da ƙasa". Malamin da ba shi da kuɗin bincike, ga ɗaruruwan takardun jarrabawa a gabansa, ga wa'adin miƙa takardun ƙarin girma ya ƙarato, sai saƙo ya shigo masa cewa za a buga maƙalarsa cikin kwana bakwai idan ya biya wani ɗan kuɗi. Tsarin da ya ce a ƙirga kawai, shi ya buɗe wa 'yan kasuwar kofa.

Illar ba ta tsaya a kan malamin ba. Waɗannan mujallu kyauta ake karanta su, su ne kuma ke fara fitowa idan ɗalibi ya yi nema, yayin da ingantattun ke bayan katangar biyan kuɗi da dala. Ɗalibi ya kafa hujja da su, na bayansa ya kwafa daga kundinsa, a haka maganar da ba wanda ya taɓa tantancewa take zama abin da "masana suka tabbatar".

Alamominsu sanannu ne. Mujalla ɗaya da ke buga aikin injiniya da fiƙihu da kiwon kaji a fitowa guda, mai alkawarin tantancewa cikin 'yan kwanaki, mai jera sunayen editocin da ba su san an sa su ba, mai adireshin Landan alhali asusun bankinta yana wata nahiya, ta riga ta faɗi ko ita wace ce. Idan mujalla ta ce tana cikin Scopus ko Web of Science ko DOAJ, jerin sunayen waɗannan rumbuna a buɗe yake, a can za a duba, ba a shafin mujallar ba. Amma adalci ya wajaba: an soki jerin Beall da cewa yana saurin zargin duk abin da ya fito daga ƙasashe masu tasowa, kuma sukar tana da tushe. Mujallar sashe da ke fitowa a makare, a kan takarda mai arha, amma malamai biyu suna karanta kowace maƙala su mayar da ita da jan biro, ta fi mujallar da ke da ƙyalƙyalin shafi da lambar waya ta Amurka. Rumbun AJOL, da aka fara a 1998, yana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka masu tantance abin da suke bugawa.

Babban suna ma ba garkuwa ba ne. Kamfanin Hindawi, wanda aka kafa a Alƙahira a 1997, yana cikin waɗanda suka yi watsi da maƙalar bogin Bohannon a 2013, aka kuma yaba masa. A 2021 kamfanin Wiley ya saye shi a kan dala miliyan 298. Shekara biyu bayan haka aka gano cewa masana'antun ƙera maƙalu, masu sayar wa mutane gurbin suna a kan binciken da ba a yi ba, sun mamaye fitowa ta musamman ta mujallunsa. A 2023 kaɗai an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya, adadin da ba a taɓa gani ba kamar yadda mujallar Nature ta lissafa, kuma fiye da 8,000 daga ciki na Hindawi ne. Wiley ya binne sunan gaba ɗaya. Duk wanda ya sauke ɗaya daga cikin waɗannan maƙalu a 2022 ya ajiye a kwamfutarsa, kwafinsa ba zai nuna masa an janye ta ba. Tun Satumbar 2023 rumbun Retraction Watch na maƙalun da aka janye ya zama kyauta ga kowa ta hannun Crossref, saboda haka uzurin rashin sani ya ragu.

Lamba mai yawo ba mai ita

Akwai nau'i na uku, kuma a ganina shi ya fi yawa a rubuce-rubucenmu: madogara ingantacciya da aka ɗora mata abin da ba ta faɗa ba, ko adadin da kowa ke maimaitawa ba wanda ya san wanda ya ƙirga.

A Janairun 1980 wasu masu bincike biyu a Boston, Jane Porter da Hershel Jick, suka aika wa mujallar New England Journal of Medicine wasiƙa mai jimla biyar. Sun ce cikin majinyata 11,882 da aka bai wa magungunan kashe zafi masu sa maye a asibiti, huɗu kawai aka ga sun kamu da jaraba. Magana ce kan mutanen da ke kwance a gadon asibiti, likita na lura da su. Amma shekara da shekaru aka riƙa ambaton wasiƙar a matsayin hujjar cewa ana iya bai wa mutum irin waɗannan magunguna ya tafi da su gida ba tare da fargaba ba. A 2017 wasu masana a Toronto suka bi sawu, suka tarar an ambace ta sau 608, kashi 72 cikin 100 na masu ambaton sun ɗauke ta hujja kan cewa jarabar ba ta cika faruwa ba, kusan kashi 81 kuma ba su ma faɗi cewa majinyatan a asibiti suke ba. A tsakanin waɗannan shekaru annobar magungunan ta hallaka dubban ɗaruruwan Amurkawa. Mujallar tana cikin mafi daraja a duniya, marubutan kuma ba su yi ƙarya ba. Masu ambaton ne ba su karanta ba.

Mu dawo gida. Tun 2017 ake maimaita cewa ana shan kwalabe miliyan 3 na maganin tari mai kodin kowace rana a jihohin Kano da Jigawa. Daga zauren Majalisar Dattawa adadin ya bazu, ya shiga jaridun gida da na waje, musamman bayan rahoton BBC na 2018 da ya kai ga haramta maganin. Babu mai musun cewa shaye-shaye bala'i ne a waɗannan jihohi. Amma mai rubutun ilimi dole ya ajiye wannan adadi kusa da binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019. Binciken ya ƙiyasta cewa masu shan maganin tari ba bisa ƙa'ida ba a faɗin Najeriya kimanin miliyan 2.4 ne a shekara. Kafin adadin farko ya tsaya, sai masu sha a jihohi biyu kaɗai su riƙa shanye kwalabe fiye da yawan masu sha a ƙasar baki ɗaya, kullum. Mai yiwuwa ne idan kowannensu yana shan kwalabe da yawa a rana, amma wannan abu ne da sai an nuna. Adadi na biyu yana da hanyar da aka bi da yawan mutanen da aka tambaya, ana iya sukarsa a kan hujja. Wanda ya rubuta na farko a kundinsa, abin da zai iya cewa da gaskiya shi ne an faɗi haka a majalisa.

Ko hukuma ɗaya tana iya ba da adadi biyu da ke rikita wanda bai karanta bayanin hanya ba. Hukumar Ƙididdiga ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 a ƙarshen 2020, sannan ta ce kashi 4.1 ne a farkon 2023. Ba ayyuka aka samar ba a tsakani, ma'auni aka canza: a sabon tsarin, wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako don samun kuɗi yana cikin masu aiki. Ɗalibin tattalin arziki da ya jera lambobin biyu a jadawali guda ya ce an samu ci gaba, madogararsa sahihiya ce, sakamakonsa kuma ɓatacce.

Masana tarihin wannan yanki sun daɗe da sanin cewa tsufan takarda ba ya wanke ta. Littafin Tarikh al-Fattash, da aka buga a Faris a 1913, an daɗe ana ɗaukarsa shaidar gani da ido kan daular Songhai daga alƙalamin Mahmud Ka'ti. A 1971 Nehemia Levtzion ya nuna cewa an yi masa cushe, sannan a 2020 Mauro Nobili ya kawo hujjojin cewa wani malamin ƙarni na 19, Nuhu bin Ɗahir, shi ne ya sake gina wani tsohon littafi na ƙarni na 17, ya saka masa bushara da zuwan Ahmadu Lobbo na Masina a matsayin halifa na goma sha biyu. Tun a wancan zamani malamin Sakkwato Abdulƙadir ɗan Tafa ya rubuta martani yana musanta wannan da'awa. Al'ummar da ta gaji ilimin isnadi, inda ake bin masu ruwaya ɗaya bayan ɗaya a tambayi gaskiyarsu da ƙarfin haddarsu da ko sun ma haɗu da wanda suka ce sun ji daga gare shi, bai kamata a ce sai an koya mata tambayar "wa ya faɗa, daga wa ya ji" ba. Abin takaici shi ne ɗalibin da ba zai karɓi hadisi ba sai ya ji darajarsa, shi ne zai kwafi adadi daga Facebook ya sa a babi na biyu.

Inda gyaran yake

Jami'o'inmu sun fi mayar da hankali kan satar fasaha. Da yawa suna amfani da Turnitin, Kwamitin Shugabannin Jami'o'i kuma ya ƙaddamar da tasa manhajar, EagleScan, a 2021. Waɗannan suna auna kamanceceniyar rubutu ne da wanda ya riga shi. Ƙagaggiyar madogara kuwa sabuwa ce fil, ba ta yi kama da komai ba, don haka za ta wuce salin-alin. Kundi na iya samun sakamako mai kyau a na'urar alhali rabin manazartarsa iska ce.

Abin da zai kama wannan ba ya buƙatar kwangila. Sashe na iya wajabta wa ɗalibi ya miƙa kwafin shafin farko na kowace madogara da shafin da ya ɗauko magana daga ciki. A ranar kare kundi, mai jarrabawa ya zaɓi madogarai biyar yadda ya ga dama, ya ce a buɗe su a nuna masa inda aka faɗi abin da aka jingina musu. Minti goma ya isa, kuma labarin zai riga shekara mai zuwa isa wurin ɗalibai. Darasin dabarun bincike, wanda a wurare da dama ya koma haddar yadda ake jera suna da shekara da waƙafi, ya kamata a shigo da ma'aikatan ɗakin karatu cikinsa, tunda wannan fanninsu ne.

Batun ƙarin girma ya fi wuya, kuma ƙasashen da suka riga mu gwadawa ba su sami hanya mai sauƙi ba. Afirka ta Kudu tana biyan jami'o'i tallafi kan maƙalun da aka buga a mujallun da gwamnati ta amince da su, amma wani nazari na 2017 ya gano maƙalu sama da 4,000 na malaman ƙasar a mujallun da ake zargi, cikin shekara goma. Indiya ta kafa jerin mujallun da hukumar jami'o'inta ta tantance, ta yi ta fama da masu kutse a cikinsa, daga bisani ta soke shi a farkon 2025 ta mayar wa kowace jami'a alhakin tantancewa. Jerin sunaye yana tsufa da sauri, 'yan damfara kuma suna sace sunan mujallar kirki su buɗe shafi mai kama da nata. Abin da ya fi dorewa shi ne kwamitin ƙarin girma ya daina ƙirga, ya nemi malami ya zaɓo ayyukansa uku ko biyar mafi ƙarfi, a ba masana fannin su karanta su da gaske.

Saura kuɗi. Ba a ce wa ɗalibi ya guji mujallun banza alhali ɗakin karatun jami'arsa bai sabunta rajistar rumbunan mujallu ba saboda tsadar dala. TETFund, da ke samun kuɗinsa daga harajin da kamfanoni ke biya, yana da sashen tallafa wa ɗakunan karatu da mujallun jami'o'i. Saka tsofaffin fitowar mujallunmu da kundayen digiri na biyu da na uku a intanet, kowanne da lambar shaidarsa, zai ba mai bincike a Gusau ko Damaturu damar tabbatar da madogara ba tare da ya hau mota zuwa Zariya ba. Rumbun NERD kuwa, tun da kundaye sun fara shiga, hukumar da ke kula da shi za ta iya ɗaukar samfuri daga kowace jami'a duk shekara, ta bi manazartarsu, ta wallafa kaso nawa ne aka samu da gaske.